TAUSAYI KO TAUYEWA? Darasin Da Na Koya A Ɗakin Yara Na Asibiti

Bismillahir Rahmanir Rahim.

   

Yau wata tambaya nake so mu zauna mu tattauna, wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya: shin duk abin da uwa ta yi wa ɗanta don tausayi alheri ne gare shi? Ko kuwa akwai lokacin da hannun da yake taimako shi ne kuma yake tauyewa? Na san wata za ta ce, "Haba Malama, wace irin magana ce wannan? Uwa ce za ta cuci ɗanta da tausayi?" Ni ma da haka zan ce, kafin karatu ya kai ni ɗakin yara masu larura a wani asibitin koyarwa, inda na yi mako takwas ina koyon aiki. A can ne wani yaro ɗan shekara biyar da cokalinsa suka sa na sake tunani.

WANE IRIN AIKI NE WANNAN?

Sai da na yi aure na haifi biyu sannan maigida ya amince na koma makaranta. Fannin da na karanta ba sananne ba ne a wurinmu. Ma'aikatan asibiti suna taƙaita sunansa na Turanci da O.T., ni kuwa idan an tambaye ni nakan ce aikin koya wa mai larura ne yadda zai yi wa kansa hidimar yau da kullum. Surukata ta sha tambayata, "Wai ke 'yar nan, likita za ki zama ko nas?" In ce mata ko ɗaya. Ta ce, "To masu gashin ƙashi ne?" In ce 'yan'uwan juna ne dai, amma kowa da nasa. Masu gashi sun fi mai da hankali ga ƙarfin gaɓoɓi da miƙewa da tafiya. Mu kuwa tambayarmu ita ce: wannan hannu da wannan ƙafa, me mai su zai yi da su? Zai iya cin abinci da kansa? Zai iya sa riga ya ɓalla maɓalli? Zai iya riƙe buta, ya riƙe fensir? Idan yaro ne, zai iya shiga cikin 'yan'uwansa su yi wasa, tunda wasa shi ne aikin yaro?

Sana'ar ta kafu ne a Amurka a watan Maris na 1917, lokacin da mutum shida, uku daga cikinsu mata, suka taru a wani ƙaramin gari mai suna Clifton Springs suka kafa ƙungiyarta ta farko. Mai masaukinsu, George Barton, mai zanen gine-gine ne da ya yi fama da tarin fuka, aka yanke masa wani sashe na ƙafa, ɓarin jikinsa kuma ya shanye. Da aikin hannu irin su kafinta da noman lambu ya farfaɗo da kansa, sai ya ga abin da ya amfane shi zai amfani wasu. A 1952 aka kafa tarayyar masu wannan sana'a ta duniya, wadda ta sharɗanta cewa ɗalibi sai ya yi aƙalla awa 1,000 yana aiki da majinyata a ƙarƙashin kulawar ƙwararre kafin a yaye shi. A Nijeriya ana koyar da fannin a makarantar gwamnatin tarayya da ke Oshodi a Legas, da kuma Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife. Mako takwas ɗin da zan ba ku labari wani yanki ne na waɗannan awoyi.

AUTA DA KAKARSA

Ɗakin namu babu gado babu allura. Katifun roba ne a ƙasa, da manyan ƙwallaye, da madubi a jikin bango, da akwatin kayan wasa. Yawancin yaran da ake kawo mana masu larurar nan ce da ake kira C.P. a asibiti, wato rauni da ke samun ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki, ko wajen haihuwa, ko a farkon rayuwarsa, sai gaɓoɓi su ƙi bin umarni yadda ya kamata. Tun 1861 wani likitan Ingila, William Little, ya yi bayaninta ya danganta ta da wahalar haihuwa. Masana sun ƙiyasta tana samun yara 2 zuwa 3 cikin kowane 1,000, kuma ta fi yawa a ƙasashe irin namu, saboda doguwar naƙuda da kan sa jariri ya fito bai yi kuka ba, da shawarar jarirai da aka yi wa sakaci, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa. Ba a ɗaukar ta, ba kuma aikin iska ba ne, balle a ce wa yaro ɗan ruwa kamar yadda har yanzu ake faɗa a wasu gidaje. Da yawa daga cikin yaran nan hankalinsu garau yake.

A makona na farko aka kawo shi. Shi ne ƙarami a ɗakinsu, don haka kowa Auta yake ce masa. Sanƙarau ya yi yana wata bakwai, ya tashi, amma ya bar masa rauni a ɓarin dama. Hannun a naɗe yake a ƙirji, babban yatsa a cikin dunƙule. Yana iya tafiya da ɗingishi, amma a goye mahaifiyarsa ta shigo da shi, ƙafafunsa suna reto har gwiwarta. Kakarsa ta wajen uba tana biye da su riƙe da jaka. Yaro ne mai baki. Kafin a gama rubuta katinsa ya ƙirga mini ƙwallayen ɗakin, ya kuma gaya mini gyalena bai dace da atamfata ba.

Malamar da ke kula da ni, wadda ta daɗe a aikin, ta tambayi uwar, "Maman Auta, me kike so ɗanki ya iya?" Ta ce, "Ni dai ya warke." Malama ta yi mata bayani a hankali cewa raunin da ke ƙwaƙwalwa ba ya ƙaruwa, amma ba ya gogewa, abin da ake iya canzawa shi ne abin da yaron zai iya yi. Uwar ta yi shiru, can ta ce, "To makaranta nake so in sa shi. Na kai shi, suka ce sai ya iya cin abinci da kansa, ba su da mai ba shi a baki." Sai ga shi mun sami abin da za mu sa a gaba: cokali.

RANAR DA NA KARƁE COKALIN

Mako na biyu Malama ta ce ni zan zauna da shi. Na ajiye masa faten dankali a kwano, na miƙa masa cokali. Ya ɗebo, kafin ya kai baki ya zube a riga. Ya sake, ya zube a katifa. A karo na uku cokalin ya doki haɓarsa, ya ɗago ido ya dube ni, idon nan ya cika da hawaye. 'Yan'uwa, ban san lokacin da na karɓe cokalin ba. Na ce, "Yi shiru ɗana, kawo in ba ka." Na ba shi a baki har ya ƙoshi, yana dariya, uwar tana sa mini albarka. Na tashi ina jin na yi abin kirki.

Da suka fita Malama ta kira ni gefe ta ce, "'Yata, wa kika taimaka ɗazu?" Na ce, "Auta mana, Malama." Ta ce, "Sake tunani. Shi ya zo da yunwa ne, ko ya zo koyon ci? Kukansa ne ya dame ki, kika yi wa kanki magani." Maganar ta yi mini zafi, na kwana ina juya ta. Da gari ya waye na yarda gaskiya ta faɗa. Zuciyata ce ta kasa jure kallon wahalarsa, sai na kawar da wahalar daga idona, na kira abin tausayi. Yaron kuwa ya koma gida yadda ya zo.

Abin da aka koya mana a aji shi ne ƙwaƙwalwar yaro da maimaici take koyo. Duk motsin da ya gwada, ko da ya kuskure, hanya ce take buɗewa. Gaɓar da aka daina amfani da ita kuwa, ƙwaƙwalwa sai ta saba da yin watsi da ita, jijiyoyin su ƙara ɗaurewa, har hannun ya sandare a naɗe. Na rubuta wannan a jarrabawa na ci maki mai kyau. Amma sanin abu a takarda daban, zama a gaban yaro mai hawaye ki naɗe hannunki daban. Tun daga ranar Malama ta sa mini doka: idan hannuna ya fara ƙaiƙayin karɓa, in sa shi a ƙarƙashin cinyata in ƙirga ashirin a zuci.

ASHE AKWAI WATA A ƘASA

Da na gane kuskurena, sai na faɗa wani kuskuren: na fara ganin laifin uwar. A raina nake cewa ita ta sangarta shi, shekara biyar ana goyo ana ba shi a baki. Allah Ya yafe mini.

A mako na uku muka ajiye cokalin a tsakiyar tebur don mu ga abin da zai yi. Sai ya miƙo hannun hagu, lafiyayyen, ya ɗauka cak. Kafin ya kai baki kakar ta doke hannun. "Kul! Hagu? Maigidana ba zai ci da hagu ba ina raye. Hannun tsarki ne fa!" Yaron ya janye hannun ya ɓoye a bayansa, irin janyewar wanda ya saba.

A baranda uwar ta riƙe ni ta ce, "Anti, ki yi haƙuri, ba sangarta ba ce." Ta ba ni labari. Tun yana shekara biyu yake kai hagu ga kwano, Hajiya take hanawa. Dama kuma ba ta riƙewa. To tunda hagu an hana, dama ta ƙi, sai ba shi a baki ya rage. Ga shi gidan yawa ne. Idan ya ci ya ɓata jiki, 'ya'yan abokiyar zamanta su yi ta dariya, baƙi su yi ta kallo suna "Allah sarki". Abincin ma aune yake, abin da ya zube a ƙasa babu mai mayar mata. Idan ta ba shi da kanta minti goma sun gama, idan ta bar shi sai a kusa awa, ga wanki, ga girki, ga ƙosan da take soyawa na sayarwa. Ta ce, "Ke sau ɗaya kike ganin sa a mako. Ni sau uku a rana."

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na ji kunya ƙwarai. Ita ma Hajiya, da na zauna da ita na gane ba mugunta ba ce. Tarbiyyar da aka yi mata ce, wadda aka yi mana mu duka, kuma tarbiyya ce mai kyau. Tsoronta kada jikanta ya girma a riƙa nuna shi a wurin biki ana cewa ba a koya masa ladabin ci ba. Ku duba fa: ni na ba shi a baki don tausayi, uwar don tausayi da gajiya, kakar ta hana shi don ƙauna. Mu uku babu mai ƙin sa, amma mun taru mun ɗaure masa hannu biyu.

TO MENE NE TAUSAYI?

Hausawa na cewa ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi. Akwai gaskiya a ciki, amma ni kalmar "ƙi" ba ta kwanta mini ba. Akwai iyayen da suka fake da wannan karin magana suna barin yaro mai larura a ƙuryar ɗaki, ko suna yi masa tsawa wai don ya dage. Wannan sakaci ne aka sa wa rigar tarbiyya. Abin da na koya a ɗakin nan ya fi duka biyun wuya: ki zauna kusa da shi, idonki a kansa, hannunki a shirye, amma ki ba da taimako daidai gwargwadon abin da ya gagare shi, kada ki ƙara ko kaɗan.

Dalili na farko shi ne gobe. Uwa ba ta dawwama. Yau Auta ɗan shekara biyar ne, ana iya goya shi. Ranar da ya kai ashirin fa, ita ta tsufa ko ta riga shi tafiya, wa zai ba shi a baki? Matar yayansa? Duk abin da muka yi wa yaro alhali zai iya koya, bashi ne muka ci da sunansa, shi zai biya lokacin da ba ma nan.

Dalili na biyu shi ne mutunci. Wanda kullum ake yi wa, a hankali yakan ɗauka shi ba mai yi ba ne, mai karɓa ne kawai. Daga nan zuwa bakin titi da ƙoƙon bara ba nisa. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda ta ba su haƙƙin ilimi, ta kuma haramta amfani da su wajen bara. Doka ce mai kyau, amma ba ta shiga tsakar gida. A gida ake fara gaya wa yaro ko shi wane ne, kuma da ayyukanmu muke gaya masa tun kafin ya fahimci maganarmu. Mu tuna Sahabi Abdullahi ɗan Ummu Maktum, Allah Ya ƙara masa yarda. Makaho ne, amma an ba shi aikin kiran salla tare da Bilal, kuma Manzon Allah (SAW) ya sha barin sa ya ja wa mutanen Madina salla idan ya yi tafiya. Aiki aka ba shi, aka kuma dogara da shi.

Sai dai kada in yi muku wa'azin da ya fi ƙarfin gaskiya. Akwai abubuwa biyu da dole a faɗa.

Na ɗaya, ba kowane yaro ne zai riƙe cokali ba. A ɗakin nan na ga waɗanda ko wuyansu ba sa iya tsayarwa, kuma haka za su rayu. Irin wannan yaro ba shi a baki shi ne daidai, uwar da ta yi shekaru tana yi kuma babu mai biyan ta sai Allah. Darajar ɗan Adam ba ta rataya ga abin da yake iya yi wa kansa ba. Amma ko shi akwai rabonsa da bai kamata a ƙwace ba. Malama takan ɗaga wa irin wannan yaro riga biyu ta jira ya kalli wadda yake so. Takan tsaya da cokali a gaban bakinsa har sai ya buɗe da kansa. Zaɓi da ido ma yi ne.

Na biyu, haƙurin da muke nema a wurin uwa yana da tsada, kuma ba adalci ba ne a bar ta ta biya ita kaɗai. Mai cewa "ki bar shi ya yi da kansa" sai ya tambayi kansa: wa zai kama mata wankin a wannan awar? Wa zai tsawata wa yaran da ke dariya? Wa zai ƙara mata awo saboda abin da zai zube? A nan maigida yake da nasa, abokiyar zama take da nata, mu maƙwabta muke da namu. Sau da yawa uwa tana ba ɗanta a baki a cikin ɗaki ne don gudun idonmu da "Allah sarki" ɗinmu.

YADDA MUKA ƁULLO WA LAMARIN

Maganar hagu ba a bakina za ta warware ba, ɗaliba ce ni, sa'ar 'yar Hajiya. Malama ta ce a turo mahaifin yaron, ta roƙe shi ya tambayi limamin unguwarsu. Ya dawo ya ce Liman ya gaya masa ci da dama shi ne koyarwa ga mai iko, amma malamai sun yi bayani cewa mai uzuri na ciwo ko rauni babu laifi a kansa. Da ɗanta ya kawo mata wannan daga bakin malami, Hajiya ta sassauta, amma ta ce ita fa maganar tsarki tana nan. Muka ce to ga cokali, hannu ba zai taɓa abinci ba, kuma a wanke da sabulu kafin ci da bayan kewayawa. Sai na ƙara da cewa, "Hajiya, damar ma ba za ta zauna banza ba, ita za ta riƙe kwano." Nan ne fuskarta ta saki. Ta ce, "To in dai da dama a ciki, a yi."

Wannan kuma ba dabarar lallashi kawai ba ce, magani ne. Hannun da ya raunana idan aka ba shi aikin dafa kwano, ko danne takarda, ko riƙe gefen riga, yana miƙewa, ƙwaƙwalwa tana tunawa da shi.

Kayan da muka yi amfani da su babu na kanti. Mun naɗe mariƙin cokali da tsumma ya yi kauri don ya cika masa hannu. Mun sa kwano mai zurfi a kan jiƙaƙƙen tsumma don kada ya zame. Mun zaunar da shi a 'yar kujera, bayansa a jingine, tafin ƙafafunsa a ƙasa, domin jikin da bai zauna daidai ba hannunsa ba ya nutsuwa. Mun fara da abinci mai kama cokali, irin su fate da kunu mai kauri. Miyar kuɓewa muka ce sai an kwana biyu. Taimakon kuma hawa-hawa muka riƙa janye shi: da farko hannuna a kan nasa, sannan a wuyan hannu, sannan a gwiwar hannu, sannan da baki kawai, daga ƙarshe sai kallo. A farkon ma ni nake ɗebowa in kai kusa da baki, shi ya ƙarasa, don kullum ya zama shi ya gama aikin. Uwar kuwa ba mu ɗora mata sau uku ba. Muka ce ta zaɓi ci ɗaya a rana, na bayan la'asar da ta sauke kasko, cokali biyar na farko nasa ne, sauran ta ba shi.

A nan bari in ja hankalinmu ga abu biyu. Kada a ba yaro abinci yana kwance, kuma a guji ɗura, musamman ga mai irin wannan larura, domin abincin yakan bi hanyar numfashi ya sauka a huhu ya jawo ciwon haƙarƙari. Sannan idan kika ga jariri bai kai shekara ba amma hannu ɗaya kawai yake miƙawa, ɗayan kullum a dunƙule, ko ya wuce wata tara bai zauna ba, kai shi asibiti. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ba a tafi sumul ba. Akwai makon da ba su zo ba don babu kuɗin mota. Akwai ranar da ya yi jifa da cokalin ya ce shi Mama yake so ta ba shi, ya yi kuka har da majina, ni da uwar muna zaune kowa ta danne hannunta. A makona na ƙarshe na ƙirga masa cokali goma sha ɗaya da kansa, huɗu sun zube. Rigar ta ɓaci har wuya. Ya dubi kakarsa ya ce, "Hajiya, kin gani?" Ta ce, "Na gani, maigida. Saura ka fara kawo cefane." Uwar tana dariya tana goge ido da gefen hijabi.

MU DAWO GIDAJENMU

Wata za ta ce ita ai 'ya'yanta lafiyarsu ƙalau, wannan bai shafe ta ba. Ni ma haka na zata. Da na koma gida na tarar ni nake ɗaura wa ɗana ɗan shekara bakwai igiyar takalmi don kada mu makara, ni nake yi wa yayarsa aikin gida na makaranta idan ta fara ƙunƙuni. Surukata ma da ta tsufa, na hana ta ko tsintar shinkafa wai don girmamawa, ashe abin yana sa ta jin ta zama kaya a gidan ɗanta. Ranar da na ajiye mata faranti da shinkafa a gabanta, sai da ta yi mini hirar da ta daɗe ba ta yi ba.

Don haka 'yar'uwa, kafin ki miƙa hannu ki karɓi cokalin wani, tsaya ki tambayi kanki. Wannan abu ya gagare shi ne, ko kuwa jinkiri kawai yake yi? Shi zan sauƙaƙa wa, ko kaina? Idan na yi masa yau, gobe zai fi iyawa ko zai fi jira na? Idan amsar ta nuna ya gagare shi da gaske, ki yi masa da sakin fuska, ba tare da gori ba. Idan kuwa zai iya, ki zauna kusa, ki ƙirga ashirin ɗinki.

Idan kuma akwai mai irin wannan yaro a gidanku ko a unguwarku, ki shiga ki gaishe ta, ki kira yaron da sunansa, ki bar 'ya'yanki su ci a tabarma ɗaya da shi, ko da zai zubar. Wata rana ki kama mata wanki ta samu ta zauna da ɗanta. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa iyayen da ke ɗawainiya da su da alheri, Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu haƙurin da tarbiyya take buƙata. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.